Wakilcin Zango a Majalisar Dokokin Gana: Rayuwar Siyasar Manjo Dokta Mustapha Ahmed, 2001-2017

Gabatarwa

Duk wanda ya saba da tsarin mulkin Nijeriya, idan ya ji an ce ɗan majalisa, abin da zai fara tambaya shi ne, na jiha ko na tarayya? A ƙasar Gana wannan tambaya ba ta taso ba, domin majalisar dokoki guda ɗaya ce tak, tana kuma zaune a Akara, babban birnin ƙasar. An taɓa kafa majalisun yankuna a shekarar 1958, amma ba su yi ƙarko ba, a 1959 gwamnatin Kwame Nkrumah ta rushe su. Ke nan nauyin da a Kano ko Katsina ake rabawa tsakanin ɗan majalisar jiha da ɗan majalisar wakilai da sanata, a Gana mutum ɗaya ke ɗauke da shi. Shi ne mai yin doka, shi ne kuma wanda ake buga wa ƙofa da asuba idan ruwa ya ci gida.

Wannan maƙala za ta dubi rayuwar siyasar ɗaya daga cikin irin waɗannan wakilai, wato Manjo Dokta Alhaji Mustapha Ahmed, wanda ya yi shekara 16 a majalisa, da farko yana wakiltar zangunan Nima da Maamobi, daga baya kuma Maamobi ba tare da Nima ba. Abin da ake son nunawa shi ne, abubuwan da wakilin zango yake sa wa a gaba ba shi yake zaɓa wa kansa su ba. Tarihi ne ya ɗora masa su, tsarin mulki kuma bai ba shi isassun kayan aikin sauke su ba.

Unguwannin da ake magana a kansu

Kasuwar Malam Atta, wadda bakin mutanen Akara ya taƙaita zuwa "Malata", tana yankin Accra New Town, unguwar da a da ake kira Lagos Town saboda yawan mutanen Ikko da suka zauna a cikinta. Daga kasuwar idan aka nausa gabas ba a daɗe ba za a shiga Maamobi da Nima. Mai tafiya a ƙasa ba zai ga wata iyaka ba, sai dai a takardar hukumar zaɓe wannan yanki ya kasu mazaɓu uku: Ayawaso ta Tsakiya, inda kasuwar take, da Ayawaso ta Gabas, wato Nima da Kanda, sai Ayawaso ta Arewa, wadda Maamobi ce ƙashin bayanta.

Ba Nima ce zangon farko a Akara ba. Tun bayan yaƙin Turawan Ingila da Asante na 1873-1874, wanda Kyaftin Glover ya kawo sojojin da ake kira Hausawa daga Ikko, Musulmi baƙi suka fara yawa a tsakiyar gari. A farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango. Nima kuwa sai wajen 1931 ta samu, lokacin da wani Bafillace mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya karɓi fili daga gidan Odoi Kwao na mutanen Ga. Musulmi suna cewa sunan daga kalmar "ni'ima" ya fito, su kuwa mutanen Ga suna da tasu fassarar a harshensu. Yaƙin Duniya na Biyu shi ya cika unguwar, saboda barikokin soja da ke kusa sun jawo leburori da kuku da masu gadi, bayan yaƙi kuma tsofaffin sojoji suka yada zango a nan. Muhimmin abin lura shi ne, a shekarun da Nima take bunƙasa tana wajen iyakar hukumar birni. Ba wanda ya shata mata tituna, ba a bar wa magudanar ruwa wuri ba, ba a kuma yi tanadin bayan gida ba. Kowa ya gina inda mai unguwa ya nuna masa. Wannan rashin tsari na shekarun 1930 da 1940 shi ne gadon da kowane ɗan majalisar yankin yake tararwa ranar da aka rantsar da shi.

Yana da kyau ɗalibin Hausa ya lura cewa "mutanen zango" ba ya nufin Hausawa kaɗai. Akwai Zabarmawa, da Kotokoli, da Mosawa, da Fulani, da Wangarawa, da Yarabawa, da Dagwamba da sauran kabilun arewacin Gana. Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci da dandalin siyasa, ko da yake Hausa ce mai nata kamannu, wadda sau da yawa ba ta bambanta jinsin namiji da na mace. Sunayen wurare ma shaida ne: akwai mahaɗar Kawukudi kusa da Nima, wato "kawo kuɗi", akwai kuma garin Kasoa a yamma da Akara, wato "kasuwa".

Bashin farko: shin ɗan zango ɗan ƙasa ne?

Tun kafin samun 'yancin kai mutanen zango suka gwada kafa jam'iyyarsu. Ƙungiyar Musulmin Gwalkwas, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar taimakon juna a shekarun 1930, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, MAP, a daidai zaɓen 1954. Ƙarfinta yana zangunan Akara da Kumasi. Cikin kujeru 104 na majalisa ɗaya ta samu a 1954, ɗaya kuma a 1956. Ƙuri'unta ba su taka kara sun karya ba, amma adawar da ta yi da jam'iyyar CPP ta Nkrumah ta jawo wa shugabanninta tsada. A watan Agusta na 1957, wata biyar kacal bayan samun 'yanci, gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, manyan zangon Kumasi, zuwa Nijeriya. Da suka kai ƙara kotu suna cewa su haifaffun ƙasar ne, sai majalisa ta yi wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, wadda ta kashe shari'ar. A watan Disamba na shekarar aka haramta duk wata jam'iyya da aka gina a kan addini ko ƙabila ko yanki. Ita kuwa MAP ta riga ta narke cikin haɗakar 'yan adawa, wato UP, wadda Dokta Kofi Busia ya jagoranta.

A nan ne tarihi ya yi wata irin juyawa. Busia ɗin nan da mutanen zango suka mara wa baya, shi ne da ya zama firayim minista ya fitar da umarnin 18 ga Nuwamba, 1969, wanda ya ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutane fiye da 100,000 suka fita, mafi yawansu 'yan asalin Nijeriya, da kuma na Nijar da Togo da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Da yawa cikinsu a Gana aka haife su, ba su san wata ƙasa ba. An sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a wulaƙance, an raba mata da miji. A zangunan Gana har yanzu tsofaffi suna auna shekaru da wannan kora, kamar yadda ake auna su da shekarar yunwa a ƙasar Hausa. Nijeriya ma ta yi irin nata a 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi, ciki har da 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya.

Ba za a fahimci zaɓen Nima ba sai an riƙe 1969 a zuci. Da aka koma mulkin farar hula a 1992, jam'iyyar NPP ta fito a matsayin magajiyar Danquah da Busia, ita kuwa NDC ta Jerry Rawlings ba ta ɗauke da wannan tabo. Bugu da ƙari, a zamanin Rawlings ne, a tsakiyar shekarun 1990, aka mayar da Ƙaramar Salla da Babbar Salla ranakun hutu na ƙasa baki ɗaya. Ga wanda ke zaune a Kano wannan ba wani abu ba ne, amma ga Musulmin Akara shaida ce cewa hukuma ta yarda da zamansu. Sakamakon haka, daga 1992 zuwa 2024 babu babban zaɓen da NDC ta rasa kujerar Ayawaso ta Gabas. Yahaya Seidu ne ya fara riƙe ta, sai Dokta Farouk Braimah a 1996, sannan Mustapha Ahmed a 2000.

Daga barikin soja zuwa majalisa

Mustapha Ahmed likitan haƙori ne, kuma hafsan soja wanda ya kai muƙamin manjo kafin ya yi murabus. Wannan kaɗai ya nuna canjin da aka samu. Shugabannin zango na shekarun 1950 sarakuna ne da malamai da attajiran goro da shanu, waɗanda sau da yawa sai sun nemi lauyoyi da 'yan boko na wasu kabilu su tsaya musu takara. Wakilan zamanin jamhuriya ta huɗu kuwa 'yan boko ne daga cikin Musulmi, masu iya magana da Turanci a zauren majalisa, su koma unguwa su yi jawabi da Hausa.

Ya shiga majalisa a watan Janairu na 2001, a daidai lokacin da jam'iyyarsa ta faɗi. John Kufuor na NPP ya karɓi mulki, da Alhaji Aliu Mahama a matsayin mataimaki, Musulmi na farko da ya riƙe wannan muƙami a Gana. Saboda haka shekaru takwas na farko na Mustapha Ahmed a ɓangaren adawa ya yi su. An sake zaɓensa a 2004 da 2008.

Yana da amfani a kwatanta shi da maƙwabcinsa na wancan lokaci. Mazaɓar Ayawaso ta Tsakiya, inda Kasuwar Malam Atta take, tana hannun Shaihu I. C. Quaye na NPP daga 1997 zuwa 2013. Shi Musulmi ne ɗan ƙabilar Ga, kuma shi ne ministan yankin Akara duk tsawon mulkin Kufuor. Ke nan tafiyar 'yan mintoci ce ta raba mazaɓar da wakilinta ke riƙe da ragamar yankin da wadda wakilinta ba shi da abin yi sai tambayar ministoci a majalisa. Wannan ya kuma nuna cewa maganar "zango na NDC ne" tana da iyaka. Inda zango ya cuɗanya da sauran jama'ar gari, ƙuri'a takan rabu.

Bashi na biyu: lambatu

Tsakanin Nima da Maamobi akwai wani tsohon rafi da ya zama babban lambatu, yana gangarawa ya shiga kogin Odaw, shi kuma ya zuba a tafkin Korle kafin teku. Da rani shara ce da sauro da wari. Da damina kuwa yakan cika ya tumbatsa, ya ci ƙasan gidajen da ke bakinsa. Kusan babu ɗan takarar da ya taɓa neman ƙuri'a a yankin bai ambaci wannan lambatu ba. Bayansa sai bayan gida na haya, da ruwan famfo, da makarantu, da aikin yi ga samari, da kujerar Hajji.

To, ba a nan gizo ke saƙa ba. Tsarin mulkin Gana na 1992 bai ba ɗan majalisa ikon gina ko da kwalbati ɗaya ba. Sashe na 108 ya hana majalisa duba duk wani ƙudurin da zai ci kuɗin baitulmali sai in daga shugaban ƙasa ya fito. An daɗe ana fassara wannan sashe da tsauri, har ya zama sai a ƙarshen 2020 aka fara zartar da ƙudurin da 'yan majalisa suka kawo da ƙashin kansu. Wato duk shekaru 16 da Mustapha Ahmed ya yi a majalisa, ba shi ba, ba wani ɗan majalisa ba, babu wanda ya ga ƙudurinsa na kansa ya zama doka. Aikin tituna da kwatoci da kasuwanni na ma'aikatun gwamnati ne da ƙananan hukumomi. Shugaban ƙaramar hukuma kuwa shugaban ƙasa ke zaɓo shi, majalisar ƙaramar hukumar ta amince. Ɗan majalisar dokoki yana da kujera a wannan majalisa, amma ba shi da ƙuri'a.

Abin da ke hannunsa ɗan kaɗan ne. Sashe na 252 ya tanadi asusun bai-ɗaya na ƙananan hukumomi, wanda ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba, daga baya kuma aka ware wa 'yan majalisa wani ɗan kaso daga ciki domin ayyukan mazaɓa. Kuɗin yakan isa a gyara ajin makaranta, a haƙa rijiyar burtsatse, a biya wa wasu ɗalibai kuɗin karatu. Ba zai gina lambatu mai tsawon kilomitoci ba. Masanin siyasa Staffan Lindberg, a wani nazari da ya wallafa a 2010 kan 'yan majalisar Gana, ya gano cewa abin da jama'a suka fi matsa musu a kai shi ne taimakon kai tsaye da ayyukan raya mazaɓa, yin doka da sa ido a kan gwamnati kuwa suna can baya. A zango abin ya fi tsanani, saboda al'adar maigida da baƙonsa da aka gada tun zamanin fatauci: wanda ya sauke ka, shi ke tsaya maka a gaban hukuma. Suna, ɗaurin aure, jana'iza, belin yaron da 'yan sanda suka kama, duk ana sa ran ganin "Onarabul" ko saƙonsa.

Hanya ɗaya ce ta rage wa ɗan majalisar da ke son a ga aikinsa a ƙasa, ita ce ya zama minista. Sashe na 78 ya wajabta wa shugaban ƙasa ya ɗauko mafi yawan ministocinsa daga cikin majalisa. Da NDC ta dawo mulki a 2009 ƙarƙashin John Atta Mills, Mustapha Ahmed ya zama mataimakin minista a ma'aikatar ruwa, ayyuka da gidaje, wato ma'aikatar da manyan magudanan ruwa ke ƙarƙashinta, daga baya kuma a ma'aikatar muhalli, kimiyya da fasaha. A 2012 hukumar zaɓe ta ƙara yawan mazaɓu daga 230 zuwa 275, aka tsaga Ayawaso ta Gabas gida biyu. Ya koma sabuwar mazaɓar Ayawaso ta Arewa ya ci, Naser Toure Mahama kuma ya gaji kujerar Nima. A 2013 Shugaba John Mahama ya naɗa shi ƙaramin minista a fadar shugaban ƙasa mai kula da hukumomin raya yankuna, sannan a watan Maris na 2015 ya zama ministan matasa da wasanni.

Wannan muƙami na ƙarshe kujera ce mai zafi. Tun bayan abin kunyar gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, inda aka yi jigilar tsabar kuɗi kimanin dala miliyan 3 a jirgin sama domin biyan 'yan wasa, idon 'yan jarida bai sauka daga kan ma'aikatar ba. Shi ne minista na uku da ya riƙe ta cikin ƙasa da shekara ɗaya, kuma bai cika wata guda ba aka ba ƙasar Gabon izinin karɓar gasar cin kofin Afirka ta 2017, wadda Gana ta nema. A wannan lokaci kuwa matsalar gida tana nan. Annobar kwalara ta 2014 ta kama mutane fiye da 28,000 a faɗin ƙasar, Akara ce kuma ta fi jin jiki. Ranar 3 ga Yuni, 2015, ruwan sama ya cika Odaw ya mamaye shataletalen Kwame Nkrumah, man fetur ya malalo daga wani gidan mai ya kama wuta, mutane kimanin 150 suka rasu. Wurin ba shi da nisa da Kasuwar Malam Atta, kuma ruwan lambatun Nima yana cikin abin da ke kwarara can.

Ba adalci ba ne a ɗora wa ɗan majalisa ɗaya laifin abin da ya faro tun 1931. Amma mai jefa ƙuri'a ba da ma'aunin masanin tarihi yake awo ba. Muƙamin minista yana ƙara wa wakili girma, yana kuma ƙara wa jama'a dogon buri, sannan yana cinye lokacin da a da yake zama da su.

Faɗuwa a cikin gida

A mazaɓar da jam'iyya ɗaya ke ci kullum, zaɓen gaske shi ne na fid da gwani. A 2015 NDC ta sauya tsarinta. Maimakon wakilai ƙalilan su zaɓi ɗan takara, sai aka ba duk mai katin jam'iyya damar jefa ƙuri'a. A zaɓen da aka yi a watan Nuwamba na shekarar, 'yan majalisa masu ci da dama sun sha ƙasa, Mustapha Ahmed yana cikinsu, alhali yana minista. Yussif Issaka Jajah ne ya kayar da shi. A watan Janairu na 2016 aka ba Nii Lante Vanderpuye ma'aikatar wasanni, a Janairun 2017 kuma wa'adinsa na majalisa ya ƙare. NDC ta faɗi zaɓen ƙasa na 2016, amma Jajah ya riƙe Ayawaso ta Arewa, ya sake ci a 2020 da 2024. Mutanen Maamobi sun canza mutum, ba su canza jam'iyya ba.

NPP ba ta zauna haka nan ba. Nana Akufo-Addo, wanda gidansa na kansa yake a gefen Nima, ya kafa ma'aikatar raya zanguna a 2017 tare da asusu na musamman da majalisa ta yi wa doka, karo na farko da kalmar "zango" ta shiga sunan wata ma'aikatar gwamnati. Asusun ya yi ayyuka irin su ajujuwa da fitilun titi da filayen ƙwallo masu ciyawar roba, abin da ke da kasuwa a unguwar da ta haifi Mohammed Kudus. Shaihu I. C. Quaye kuma aka ba shi shugabancin hukumar alhazai. A 2021 aka soke ma'aikatar. A 2024 jam'iyyar ta tsayar da Musulmi, Dokta Mahamudu Bawumia, takarar shugaban ƙasa, duk da haka ba ta ci Nima da Maamobi ba, har ma ta rasa Ayawaso ta Tsakiya, inda Abdul Rauf Tubazu na NDC ya kayar da Henry Quartey, ministan cikin gida na lokacin.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne bashin farko bai gama biyuwa ba. A Gana zama ɗan ƙasa ta hanyar iyaye da kakanni ake gadonsa, haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta isa ba. Duk lokacin da aka tayar da maganar "baƙi a rajistar zaɓe", kamar yadda NPP ta yi a 2015, ko aka sake sabuwar rajista kamar ta 2020, wadda kotun ƙoli ta ce takardar haihuwa ba hujja ba ce a cikinta, mai suna Garba ko Hamidu shi ake fara yi wa tambayar daga ina kakansa ya zo. A irin waɗannan ranaku aikin wakilin zango shi ne ya tsaya a rumfar rajista ya tabbatar an rubuta mutanensa.

A ɓangaren lambatu kuwa, a 2019 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 domin magance ambaliya a yankin kogin Odaw, kuma Nima tana cikin unguwannin da aka sa a shirin. A 2018 an cire Ayawaso ta Gabas da ta Arewa daga ƙarƙashin hukumar birnin Akara, kowacce ta samu ƙaramar hukumarta, Ayawaso ta Tsakiya ta biyo baya a 2019. An shirya ƙuri'ar raba gardama a watan Disamba na 2019 kan shigar da jam'iyyu zaɓen ƙananan hukumomi, a wani yunƙuri na bai wa jama'a damar zaɓen shugabanninsu da kansu, sai aka soke ta ana saura kwanaki. A 2025 ma shugaban ƙasa ne ya zaɓo shugabannin ƙananan hukumomin uku.